Yaya Sule da Fankar Motata

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana, Malam Sule mai wayarin mota na Ƙofar Marusa. Har yau idan na ji fankar mota ta tashi da kanta a cikin cunkoso, sai na kasa kunne.

A shekarar da soja suka shirya miƙa mulki, aka sa ni cikin malaman makaranta masu aikin zaɓe, aka tura ni wani ƙauye bayan gari. Abin hawana tsohuwar motar da maigidana ya rasu ya bar min, wadda ta kusa ta girme ni. Ta taɓa yin zafi, wani bakanike ya haɗa wayar fankar kai tsaye da batir, ba ta hutawa sai an zare waya. Ana jibi zaɓe na manta ban zare ba. Da safe mota ko tari.

Yaya ya zo ya buɗe gaban motar, ya daɗe yana kallo. "Wa ya yi miki wannan aika-aika?" Na ce ya canja batir kawai, sauri nake. Ya ce, "Binta, sauri ya haifi nawa. Bari mu ji mi ya sa suka tsallake shi."

Abin da suka tsallake wani ɗan makunni ne a jikin lagireto, bai fi babban yatsa ba. Shi ke jin zafin ruwa, ya tada fanka, ya kashe ta in ruwan ya huce. Yaya ya kwance shi, ya sa na ɗora tukunya, ya tsoma shi a ruwa da ƙwan fitilar gwaji a haɗe. Muka tsaya a kan murhu kamar masu jiran tuwo. Ruwa na fara motsi, ƙwai ya kama. Ya yi dariya: "Lafiya lau shike! Waya ce ta ƙone, suka ɗora mishi laifi." Ya ja sabuwar waya ta bi ta fis, ya naɗe kowace gaɓa. Yini guda ya ci, ina ta mita.

Ranar zaɓe yashi ya riƙe ni kusa da ƙauyen, allurar zafi tana hawa, mutane can a layi suna jiran akwatin zaɓe da na ɗauko. Sai na ji fanka ta tashi, allura ta sauko. Manoma suka tura ni, na isa a kan lokaci.

Nakan so in san abin da zai ce da motocin yau, da ake jona musu na'ura ta faɗi ciwonsu. Zai raina? Ina zaton sai ya kwance na'urar ita ma, ya ga abin da ke cikinta. Mulkin da muka yi wa layi kuwa, ban san hukuncinsa ba. Shi bai yanke wa abu hukunci sai ya gwada.

Bai bar gida ba, rumfarsa ma ta zama shagon waya. Amma mai hali ba ya tafiya da halinsa duka. Kwanan baya fitilar gargaɗi ta kama a motar 'yarsa Hadiza, mai gyara ya ce a cire ƙwan a huta. Ta karɓi makullinta, ta ce, "Malam, ba fitilar ce ba ta da lafiya ba."

Allah ya jiƙan Yaya Sule, ya haskaka makwancinsa.