Azarar Gidanmu a Gaweye

Har yau in na ji katafila tana gurnani, sai in tuna ranar da aka rushe gidanmu. Abin ya faru ne bayan babban farin nan da aka raba wa mutane jar dawa, a shekarun farko na mulkin soja. Lokacin ban isa azumi ba.

Kai da ka san Gaweye ta yanzu, ba ita nake nufi ba. Tamu tsohuwar unguwa ce ta gidajen laka a bakin gulbi, dab da gada. Lungunanta jaki mai kaya ba ya wucewa sai ya goga bango. Da safe ƙaurin kifin da ake bandawa ke tashe mu, sai kuma bugun masu wanki a kan duwatsu. Yawancin mazauna Zabarmawa ne da kakanninsu suka kafa wurin. Mu kakanmu daga Tawa ya zo, ya mutu a nan, amma har lokacin "gidan baƙi" ake ce mana.

Wata rana aka zo da jan fenti aka yi wa kowane bango alama. Aka ce a tashi, an ba mu fili can bayan gari, inda ko inuwa babu.

Laka ba a ɗaukar ta, amma azara ana ɗauka. Itacen giginya ne da ake rufin ɗaki da shi, gara ba ta cin sa. Tamu kakanmu ya kawo ta daga kudu cikin jirgin ruwa. A shekarar da mutane suka sayar da tukwanensu don hatsi, wa zai sayi sabuwa? Wanda bai fid da azararsa ba, damina za ta same shi a fili da iyalinsa.

Sai aka yi gayya yadda aka saba. Maza su hau rufi su tone ƙasa, su yaye zana, su zaro azara ɗaya bayan ɗaya. Amma gayyar unguwarmu tana da tsari: gidan da ya riga zama shi ake fara yi wa. Namu ne na ƙarshe. Baba ya yi wa kowa aiki har tafin hannunsa ya sale. Inna ta ce masa ya fara taɓa namu shi kaɗai.

"Mu tsallake dattawa? Da wane ido zan dube su?" in ji Baba.

Ranar da aka zo kanmu, an tone rabin ɗakin Inna ke nan, sai ga kamiyo, wato babbar mota, cike da sojoji, katafila na biye. Kawuna, ƙanen Inna, yana bisa rufi da hauya. Wani dattijo maƙwabcinmu, mai saƙar taru, ya tare babbansu.

"Ɗana, ku bar mu zuwa la'asar. Gida guda ya rage."

"Tsoho, kai ka haife ni da zan jira ka? Kauce!"

Ya ture shi, dattijon ya faɗi zaune cikin ƙasa. Mutane suka yi ta ihu da Hausa da Zabarmanci cewa akwai mutum a sama. Ko direban bai ji ba, ko ya ji, Allah ya sani. Ya daki bangon baya. Na ga rufin ya lotsa kamar tabarma, Kawu ya ɓace cikinsa.

Baba mutum ne da ko akuya ba ya jifa. Ranar ya haye katafila ya shaƙo wuyan direban. Sojojin suka jawo Baba ƙasa ta ƙafa. Ɗaya ya sa masa gindin bindiga a baki, sauran suka kwance bel. Ina jin ƙarar ƙarfen bel a kansa, ina jin Inna tana kiran sunan Allah. Da ta faɗa kansa don ta kare shi, ita ma suka shaɗa mata. Jini ya jiƙe masa gemu, suka jefa shi cikin kamiyo kamar buhu.

Mata ne suka tono Kawu da hannu da ƙwarya. Azara biyu sun danne masa cinya, ƙashi a waje. Muna ɗauke shi, katafila ta bi ta kan sauran, ana jin itacen yana karyewa.

Da aka sako Baba, ya dawo kai a aske, ba ya ji da kunnen hagu. Damina ta same mu ƙarƙashin zana da buhuna. Dattijon nan ya aiko da azara uku daga cikin nasa, ya ce da yarensu sai haƙuri. Ba su isa ɗaki ba, rumfa muka yi. A cikinta sanyi ya kama ƙanwata ta goye.

Yanzu wurin kwalta ne da manyan gine-gine. Na sha tsayawa ina neman inda ƙofarmu take, ban gane ba. Ƴaƴana suna jin Gaweye sunan wurin manya ne kawai.

Ga abin da muka rasa: ɗaki huɗu da azararsu, ƙafar Kawu ta dama, haƙoran Baba na gaba da kunnensa guda, da ƙanwata, wadda ba ta kai ga yaye ba.