Faifan Birkin da Malam Ɗan'auta Ya Hana a Doka

Duk mai bin hanyar bayan tashar jirgi a Kafanchan ya san Malam Ɗan'auta bakanike. Kafin hantsi ya share gindin mangwaronsa, ya shimfiɗa buhu, ya jera sifanu daga ƙarami zuwa babba, sannan ya zauna ya sha kokonsa a tsanake kamar babu mota ko ɗaya da ke jiransa. Direbobi na kiransa Sai-a-hankali, wasu don ƙauna, wasu don haushi. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana wannan aiki, kuma a ƙarshen shekarar nan ta 1978 zai ajiye, don ido ya fara yi masa gardama.

Labaransa suna da yawa, amma wanda ya fi zama mini a rai shi ne na bara a Kagoro, gidan Malama Beatrice mai koyarwa a firamare. Mijinta ya rasu ya bar Fijo, ita kuwa ko kallon motar ba ta iya yi, sai ta bar ta a gindin bishiya damina biyu tana shan ruwa. Ana nan sai surukarta, Mama Hellen, ta kwanta ciwo, likita ya ce babu sauran abin yi. Tsohuwa ta roƙi abu ɗaya: a mai da ita ƙauyensu ta cika a ɗakinta. Jikinta ba zai ɗauki jijjigar babbar motar ranar kasuwa ba. Ga shi ruwa ya fara sauka, in kuwa rafin da ke hanya ya cika, babu ƙetarewa sai kaka.

Aka ɗauko Malam Ɗan'auta a bayan babur don ya tayar da Fijon. Inji bai ba shi wahala ba. Matsalar tana ƙafar gaba: kusoshi biyu masu riƙe taya sun karye, ba kuma a sauya su sai an cire faifan birki, wato farantin ƙarfen da ke bayan tayar. Tsatsa kuwa ta haɗe shi da cibiyar ƙafar sun zama abu guda.

Andrawus, ƙanen marigayin, tsohon soja ne mai kirki, sai dai a wurinsa babu matsalar da guduma ba ta warwarewa. Ya dawo daga maƙwabta riƙe da ta fasa dutse.

"Baba, ba lokaci fa. Mama yana jira. Bari na ba shi biyu kawai," in ji shi da Hausarsa ta bariki.

"Ajiye, Soja," in ji Malam Ɗan'auta. "In ya tsage babu irinsa sai Jos, can ma sai an dace. Ka ba ni zuwa gobe. In ka doke shi, mako biyu ka ɗora wa tsohuwa."

Ya kankare tsatsar da burushin waya. Ya gauraya kananzir da man birki, ya riƙa ɗigawa a bakin cibiyar da gashin kaza, ya koma ya zauna. Can ya kara guntun katako, ya ƙwanƙwasa a hankali, ya juya faifan kaɗan, ya sake. Da la'asar ya goge man tas, ya roƙi garwashi daga murhun Malama, ya zuba a shebur ya ɗumama faifan, ya bar shi ya huce, ya sake ɗiga mai. Andrawus dai sai kai da kawowa yake yi yana kallon hadarin da ke haɗuwa a kan dutse. Ni ma da ina wurin, gaskiya da bayan guduma zan bi.

Washegari da sassafe ya dawo. A ƙwanƙwasa ta uku faifan ya saki lafiya lau, ko tabo babu. Kafin azahar mota ta kama hanya, suka ƙetare rafin ruwa bai wuce rabin taya ba. Bayan kwana biyu ya cika ya batse. Mama Hellen ta yi kwana tara a gida, ta zauna a ƙofar ɗakinta, ta ci tuwon acca, ta sa wa jikokinta albarka.

Malam Ɗan'auta, kai ne ka tsaya tsakanin guduma da ƙarfe alhali kowa na ganin ɓata lokaci kake yi. Kai ne ka jure harara da gunaguni yini guda, kana sane da cewa in ruwa ya riga ka, kai za a zaga. Gwanin bakin tasha, mun gode. Allah ya ƙara lafiya, ya sa ka huta da daɗi.

Ku kuma masu sana'ar hannu da ke tasowa, ku je ku zauna kusa da shi tun yana nan, ku ga yadda ake lallashin ƙarfe, don bayan kowace mota akwai wani da ke jira.

Malama Beatrice ta ce ana gobe tsohuwar za ta rasu ta tambayi wanda ya gyara motar. Da aka faɗa mata sunansa, sai ta ce, "A gaya masa na iso gida."