Majigin Ranar Alhamis

A ofishin da na fara aiki a Abuja ba wanda yake son ranar Alhamis. Da an dawo daga sallar azahar sai a sauke labule, a kunna na'urar haska bango, mu bakwai mu jera kujeru. Majigi muke kiran zaman, ko da yake ba wanda ya taɓa jin daɗin kallon. Oga zai zaɓi aikin mutum ɗaya cikin abin da muka rubuta a makon, wato kod, jerin umarnin da kwamfuta ke bi, ya baza shi a bango, sannan ya ja baya ya harɗe hannu.

"Wane jaki ne ya rubuta wannan?"

Da haka yake buɗewa kullum, kuma ya san mai shi sarai. So yake ka ɗaga hannu da kanka. Daga nan sai ya bi aikin layi-layi yana yi maka tatas. Ni ya taɓa ce mini in koma gida in riƙe fartanya, kwamfuta ba gadona ba ce. Wani kuma ya ce masa makarantar da ta yaye shi ta cuci ƙasa. Sauran mukan sunkuyar da kai, kowa na godiya a ransa da bai zama shi ba.

Lokacin mulkin farar hula ya zauna, kowace ma'aikata tana son a ce tana da manhaja, kwangila ta ko'ina. Kamfaninmu ɗan ƙarami ne, a hawa na biyu na wani rukunin shaguna, amma aiki ba ya yanke mana, kuma saboda oga ne. Ba zan ci haƙƙinsa ba, mutumin ya san aiki. Abin da na koya a hannunsa cikin wata shida ya fi abin da na kwaso a jami'a. Kuma idan an tashi daga majigi shi ne zai dafa kafaɗarka ya tambayi lafiyar iyali, har ka rasa inda za ka ajiye haushinka.

"Ni fa aiki nake zagi, ba mutum ba," in ji shi. "Kwamfuta ba ta san kunya ba. In na lallashe ka, ita ba za ta lallashe ka ba. Duk inda ake aikin nan na gaske haka ake yi."

Mutum ɗaya ce ta taɓa ba shi amsa, wata abokiyar aikinmu da ta yi karatu a Gwagwalada. Ni a Tungan Maje nake zaune, don haka sau da yawa mota ɗaya muke shiga da safe, mu sha cunkoson hanya tare. Ran da ya kira aikinta shara, sai ta bari ya gama, ta ce, "Oga, aikin ba shi da kunne. Mu ne muke ji."

Ba ta ƙara wata biyu ba ta ajiye aiki. Masu wannan sana'a a garin ba mu da yawa a lokacin, kuma duk wanda zai ɗauke ka sai ya fara buga wa oga waya. Ta daɗe a gida ba aiki. Ni kuwa na yi sabon aure, mahaifina yana ta faɗa wa mutanen garinmu cewa ɗansa injiniyan kwamfuta ne a Abuja. Na kalli abin da ya same ta, na ja bakina na yi shiru. Kullum da safe idan mota ta wuce Zuba sai in ji kamar in koma gida, amma ban taɓa cewa direba ya sauke ni ba.

Muna da wata doka da oga ke alfahari da ita. Ba kod ɗin da zai shiga cikin manhaja sai wani ya duba ya danna amincewa, sunansa ya zauna a ƙasa. Har nasa. "In kun ga shirme a nawa, ku yaga shi," haka yake cewa. Ba a taɓa samun wanda ya yaga ba.

A shekarata ta biyu muka samu aikin wani shiri na katin asibiti don masu fasa dutse a Mpape. Mai hawan jini ko ciwon suga zai nuna kati a ɗakin shan magani, a ba shi na wata guda, manhaja ta rubuta ya karɓa. Da yake wasu kan yi rajista sau biyu, oga ya rubuta wani sashe da zai riƙa haɗe su. In suna ya zo ɗaya, sunan uba ɗaya, ƙaramar hukuma ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, to mutum ɗaya ne. Ya turo mini in duba.

Ina karantawa gabana ya faɗi. A takardun mahaifina ranar haihuwarsa ɗaya ga Janairu ce. Ta ƙaninsa ma haka, da rabin dattawan unguwarmu. Wanda aka haifa a ƙauye ba a rubuta ba, in ya zo gaban mai cike fom, ɗaya ga Janairu ake sa masa, a kintaci shekara daga furfurarsa. Sunaye kuwa a wajenmu ba su da yawa, gida ɗaya ma sai ka samu takwarori uku. Oga a birni ya tashi, da takardar haihuwarsa ta asibiti, abin ba zai taɓa zuwa masa a rai ba.

Na rubuta masa bayani, layi uku. Na karanta na ga kamar ya yi tsauri, na sassauta. Na ƙara da cewa wataƙila ni ne ban fahimta ba. Sai na tuna Alhamis ɗin da ta wuce, da yadda ya sa ni karanta kuskurena da bakina har sau biyu. Na ce a raina, in fa akwai abin da ya hango ni ban hango ba? Wannan bayanin nawa shi zai hau bango. Na goge layukan nan uku tas, na danna amincewa, na tashi na je na sha ruwa.

Bayan wata uku aka kira daga ɗakin shan magani cewa manhaja tana yi musu gardama, aka tura ni. Na hau acaɓa daga bakin titi har inda hanya ta ƙare, na ƙarasa da ƙafa. A kan benci na tarar da wani dattijo, hannayensa duk sun yi kanta, idonsa ɗaya ya kaɗa ya yi ja. Ma'aikaciyar jinya ta nuna shi da biro.

"Wannan baba ya zo three times. Kwamfuta ya ce ya karɓa. Ni ba zan iya ba shi double ba, za su ce na sayar."

Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Ɗana, kai ne mai injin? Wallahi ban karɓa ba. Wata biyu ke nan. Kan nan nawa in na ɗaga guduma sai in ji kamar zai rabe. Ni ban iya ƙarya ba, amma sun ce inji ma ba ya ƙarya."

Ban buƙaci buɗe komai ba, amma na buɗe katinsa a kwamfuta. Mutum biyu ne a kati ɗaya. Ɗayan yana riga shi zuwa. Na raba su, na tsaya har aka ba shi maganinsa. Ya yi ta sa mini albarka, yana cewa Allah ya yi wa iyayena rahama da suka sa ni a makaranta. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Alhamis na zuwa sashen ya hau bango saboda ƙorafin Mpape, wannan karon oga bai duba mai shi ba, ya manta shi ya rubuta. Oga ya harɗe hannu, ya fara da jakinsa kamar kullum. Ba wanda ya ɗaga hannu. Ya yi gaba, ya ce wanda ya rubuta wannan bai san ƙasar da yake zaune ba. Sai ya gangara ƙasa don ya ga suna, ya ga nasa. Ya daɗe yana kallon bangon. Sannan ya ƙara gangarawa kaɗan, ga sunana a wurin amincewa.

Ya juyo. Ban taɓa jin muryarsa ta yi ƙasa haka ba.

"Kai ɗan ƙauye ne, ka san mutanen nan fiye da ni. Tsakaninka da Allah, ka gani ko ba ka gani ba?"

Da gaske yake tambaya, na ga haka a fuskarsa. Kuma na san in na ce na gani, tambaya ta gaba ita ce me ya hana ni faɗa. Sai in buɗe baki a gaban mutum biyar in ce tsoronka nake ji. In ce dattijo ya yi wata biyu yana fasa dutse ba magani don ni kada a kira ni jaki. Amsar da abokiyar aikinmu ta bar aiki a kanta, ga ta an miƙo mini dama in ƙarasa, da hujja a bango.

"Ban gani ba, oga."

Ya sauke ajiyar zuciya. Kafaɗunsa suka koma yadda suke, muryarsa ta dawo. Ya ce shi ya yi kuskure ya yarda, amma amfanin mai dubawa ke nan, makaho aka ba gadi. Ya wanke ni tas, kusan minti ashirin, ni kuwa ina zaune ina gyaɗa kai.

Na ƙara shekara huɗu a ofishin, majigi bai fasa ba ko sau ɗaya. Na sha zagi iri-iri, wasu har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Na ranar nan ne kaɗai na ji ya yi mini kaɗan.