Ƙusar da kakana ya kafa

A shekarata ta farko a jami'a aka ɗora mana darasin labarin ƙasashen duniya, yanki bayan yanki. Darasin ya hana ni zama wuri ɗaya. Makon da muka yi Kudancin Amurka na yanke shawarar can zan koma, mako na biye na fasa, na zaɓi tsibiran Asiya. A cikin Keke Napep ma, daga makaranta zuwa gidanmu a Hayin Banki, ƙafata ba ta daina rawa. Gani nake kowa a Kaduna barci yake yi, ni kaɗai na farka.

Ranar da muka iso yankin Larabawa, malaminmu ya shigo da ƙwallon taswirar duniya da zaren ɗinki. Ya danne bakin zaren a kan Kaduna, ya ja shi har Makka. Zaren bai miƙe gabas sak ba, ya karkata arewa sosai. A fili ya ce mana tsofaffi sun yi iya ƙoƙarinsu da rana da taurari, kada wani ya je gida ya tayar da rigima. Rabin farko na maganar kawai na ji.

A ɗakin kakata akwai wata ƙusa a bango. Marigayi kakana ne ya kafa ta da hannunsa shekarar da ya gina gidan, ya ce mata nan ne alƙibla. Tun daga ranar take shimfiɗa dardumarta tana kallon ƙusar, har siminti ya yi santsi a wurin. Na shiga ko jaka ban ajiye ba, na kunna kamfas na waya, kibiya ta nuna kusurwar da randarta take.

"Maigida, yau kuma me ka kwaso mana daga bokon?" Haka take tsokanata, irin wasan kaka da jika.

"Kaka, ƙusar nan ta kauce. Makka tana ta wajen randa."

Na zaci za ta kore ni da mafici kamar kullum, mu yi dariya. Sai ta dubi ƙusar, ta dubi randar, ta ce a hankali, "To sallolina na baya fa?"

Na yi ta kame-kame, na fice.

Daga ranar kwanciyar hankali ya bar ɗakin. Da azahar ta juya darduma wajen randa, da la'asar ta mayar da ita wajen ƙusa, wani lokacin ta ajiye ta tsakiya ta tsaya a kai ta kasa tayar da kabbara. Tsohuwar da ba ta taɓa jinkirta salla ba sai ga shi ba ta yi sai lokaci ya kusa fita. Mahaifiyata ta daina amsa gaisuwata da kyau, kuma ban ga laifinta ba. Ni kaina na tsani bakina. A aji ana zancen kogunan Turai, ni ina ta zana ƙusa a bayan littafi.

Na je wurin malamin allo na layinmu na faɗa masa abin da na aikata. Ya ce wanda yake nesa da Ka'aba sashen da take ya ishe shi, kuma wanda ya yi ƙoƙari ba a ce masa ya rama. Ya ƙara da cewa ni ne dai ba ni da ta-ido. Da gudu na kai wa kakata wannan bushara.

"Na ji," ta ce, tana jan carbi. "Ni ina da rai, ina iya juyawa. Shi kakan naka fa? Da lissafinsa aka kwantar da shi a kabari. Ka ɗauki abin nan naka ka je ka duba min inda fuskarsa take kallo."

Washegari da hantsi na tafi maƙabarta. Sau biyu ina wuce ƙofar ina dawowa kafin na shiga. Na sami kabarin kusa da wata bishiyar darbejiya, ƙasar ta lafa, sai fasassun tukwane a kai. Na tsaya hannuna cikin aljihu, na riƙe wayar. Tsoro nake ji, tsoron kibiyar da kuma tsoron abin da zan je in faɗa. Na yi masa addu'a, na fito ban ciro wayar ba.

Na tarar da ita a bakin ƙofa tana jirana.

"Daidai yake, Kaka."

Ta daɗe tana kallona. Ita ta goya ni, ta san fuskata idan na yi ƙarya.

"To idan shi daidai yake, mayar min da dardumata wajen ƙusarsa. Inda ya kalla nan zan kalla."

Na durƙusa na shimfiɗa mata a kan santsin simintin. Ta tayar da kabbara ba tare da ta waiwayi randar ba.