Sakiyar da Aka Yi wa 'Yar'uwata

Mu tagwaye ne, ni da ita, irin masu kama ɗaya sak. A gidanmu na Bungudu ba a taɓa saya wa ɗaya ɗankwali an bar ɗaya ba. Gwaggonmu, yayar Baba, ita ce mai tsaron wannan doka. Ko dukan ɗaya za ta yi, sai ta ɗan taɓa ɗayar, wai kada tagwaye su yi fushi su turo mata kunama.

Aure ya raba mu. Ni Gusau, ina sayar da atamfa a kasuwa, ita wani ƙauye a bayan Tsafe. Can 'yan bindiga suka same su ana tsakiyar girbi. Suka harbe mijinta a bakin rumbu, suka cinna wa rumbun wuta, suka kora ta daji da gindin bindiga. Shekara guda ta yi a hannun la'anannun nan tana yi musu tuwo da ɗanyen icce, hayaƙi a ido, bulala a baya.

Ta dawo da rai, muka gode Allah. Ashe da sauran rina a kaba. Gwiwoyinta suka kumbura, yatsu suka ƙi lanƙwasuwa, gashi yana zuba, wani jan tabo ya fito mata a kumatu. Na ɗauko ta zuwa asibiti a Gusau. Likitar ta ce garkuwar jikinta ce ta juya tana yaƙar jikin. Na ce, "Likita, to ni fa? Ai jininmu ɗaya." Ta ce ƙwayoyin halittarmu ɗaya ne, gaskiya, amma akwai wasu 'yan alamomi da ke manne musu, su kulle wannan su buɗe wancan, kuma yunwa da hayaƙi da tashin hankali suna iya sauya su. Irin gero ɗaya ne, in ji ta, gonar ce daban. Ta ba da magani, ta ja mini kunne: maganin yana kwantar da garkuwar jiki, saboda haka ko ƙaramin rauni kada a bari ya same ta, zai iya ruɓewa.

Na mayar da ita Bungudu wajen Inna, na faɗi wannan gargaɗin a gaban kowa, har da Gwaggo.

Wata Juma'a da hantsi na tafi kai mata magani. Tun daga zaure na ji ƙaurin nama. Na faɗa tsakar gida, innalillahi! Ga ta a ƙasa, ƙannenmu maza biyu sun danne ta, Gwaggo ta riƙe ƙafa. Wanzami ya riga ya soka mata ƙarfen da ya yi ja a wuta a gwiwar dama, abin da ake kira sakiya, wai ruwan ciwo ya fita. Jini da ruwa suna bin ƙwaurinta. Ya mayar da ƙarfen cikin garwashi, yana jiran ya yi ja don ta hagu.

Wallahi ban san lokacin da na yi jifa da jakata ba. Na shure kaskon wutar, garwashi ya watsu har kan tabarma. Na ɗauke ƙanena ɗaya da mari, ɗayan na cije shi a kafaɗa sai da na ji gishirin jini. Wanzamin ya ɗago ƙarfen, ni kuwa na cafke shi ta wajen wutar. Tafin hannuna ya yi cuu. Ban saki ba sai da na fizge, na wurga shi bayan katanga.

"Ku kashe ta mana ku huta!" nake ihu. "Abin da 'yan daji suka rage shi za ku ƙarasa?"

Gwaggo ta dubi hannuna, fata ta saluɓe, ta ce, "To, alhamdulillahi. Wuta ta taɓa su duka biyu, yanzu magani zai ci."

Na yi kanta, Allah ya sani da na kai mata hannu, yayar ubana guda. Sai 'yar'uwata ta yi magana daga ƙasa.

"Ƙyale Gwaggo. Ni na ce a kira shi."

Na juyo gare ta.

"Ke mi kika sani?" ta ce. "Fuskata gare ki, ba gwiwata ba. Da za a ce in sa ƙafar nan cikin murhu ciwon ya bar ni, da na sa."

Ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba. Na ɗauke ta a mota zuwa Gusau, hannuna naɗe da gefen zanena.

Ƙunata ta warke kafin watan ya fita. Tata ta ruɓe, ta ci nama har ƙashi, likitoci suka yi iya yinsu, daga baya suka yanke ƙafar daga saman gwiwa. Ranar da aka sallame ta na saya mana takalma iri ɗaya, yadda aka saba mana tun muna yara. Sai da na buɗe ledar a gabanta na tuna.