Hadarin Yamma

Ni ɗan Mabai ne, ɗan manomi. Mahaifina idan ya dubi sama ya ce a kwashe shanya, ba mai yi masa musu. Abu ɗaya ya dasa mana tun muna yara: ruwa daga gabas yake zuwa. Hadarin yamma burga ce kawai, ya yi baƙi ya watse. Da wannan ilimin na girma, da shi kuma na cuci mutumin da ya fi kowa yi mini alheri.

Alhaji mutumin Sabuwa ne, maigidana a wurin aiki a Kaduna, shi ya fara damƙa mini sandar golf. Shekaru yana zancen wani fili a bakin teku can ƙasar Turawa, babu bishiya ko ɗaya, sai tudun yashi da doguwar ciyawa da iska. Burinsa ya buga ramukan nan goma sha takwas kafin gwiwoyinsa su gama da shi. Da ƙungiyarmu ta ’yan golf ta shirya zagayen filayen ƙasar, likita ya ce ya je, amma daga wannan ya ajiye sanda. Rana ɗaya tak aka ba mu a filin.

Da safen ranar na kasa tsayuwa wuri ɗaya. In buɗe jaka, in rufe, in duba agogo. Jakar Alhaji ta yi nauyi, ga rigar ruwa, ga wandonta, ga lema, kuma da kansa zai ja ta. Ya dubi teku, can yamma sama ta yi baƙi ƙirin, ya ce, “Ɗan manomi, mi ka gani?”

Na juya gabas. Tas, har da rana. Na ce, “Alhaji, hadarin yamma ne. Rage kayan nan, kada su ƙarasa maka gwiwa.” Wani tsohon Bature mai kula da filin ya ga muna mayar da rigunan cikin mota, ya nuna mana teku yana girgiza kai. Wallahi har dariya na yi masa. Ni za a koya wa sama? Motar ta juya gari, sai la’asar za ta dawo.

Filin miƙewa yake yi a gefen teku, rami tara tafiya, tara dawowa. Sai da muka yi nisa, a rami na bakwai, iska ta iso da ruwan. Kai! Ba irin namu ba ne da zai zuba ya ɗauke. Siriri ne, a kaikaice yake zuwa, yana sukar fuska kamar allura. Ka buga ƙwallo gaba, iska ta kwashe ta ta jefa cikin ciyawa. Ni kuwa bakina bai mutu ba, sai cewa nake, “Yanzu zai ɗauke, Alhaji.” Ina gaba ina baya, ina leƙen gabas kamar can aka yi mini alkawari.

A rami na sha uku sanda ta suɓuce daga hannunsa, don yatsun sun daina ji. Ya zauna kan jiƙaƙƙen yashi, leɓɓansa na rawa, ya daɗe yana kallon hanyar da ta rage. Sannan ya ce, “Kira masu filin su ɗauke ni.” Rami biyar ya rage masa.

Bai taɓa ce mini uffan a kai ba. Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Da ma ya zage ni na huta. Tun ranar, ko iyalina suka tambaye ni ko za a yi ruwa, sai in ce Allah ne masani.

Ƙarshen daminar bara, na taso daga kasuwar Yankara, na biya Sabuwa gaishe shi. Yana zaune ƙofar gida da sandar dogarawa, an shanya sabuwar masara a gabansa. Iska ta fara kaɗawa. Ya ce, “Ɗan manomi, mi ka gani?”

Na duba. Gabas ta haɗe. Na sani sarai, amma kunya ta sa na kau da kai.

Ya ce, “Faɗi mana. Nan gida ne.”

Na ce, “A kwashe.”

Bai ko ɗaga kai ya duba da kansa ba. Ya ƙwala wa mutanen gida kira su fito da buhuna.