Wayar da Ba Ta da Lamba

Kan wayar na fara saya, tun ba a ba mu layi ba. Ja ce, mai lambobin dannawa. Na ɗora ta a kan teburin ɗakina, na rufe ta da ƙyallen da na saƙa da kwarashi. Duk wadda ta shigo sai ta ɗaga ƙyallen, ta kara a kunne, ta ji shiru, ta dube ni. Ni kuma in ce ana nan ana shiri.

Wajajen ƙarshen shekarun casa'in ne. Ina koyarwa a wata firamare a Kontagora, maigidana kuma ya tafi Turai karatun kwamfuta, ko lallen aurenmu bai gama fita daga farcena ba. Kafin ya tafi ya je ofishin waya nema mana layi, aka ce masa lambobi sun ƙare. Injin garin tsoho ne, iya lambobin da yake ɗauka an rabe su tuntuni, kuma ko mai layi ya rasu magada ba sa saki. Amma wai kada mu damu, sabon inji na hanya, mai dogayen lambobi da za su ishi kowa.

Kafin nan sai muka raɓu da wayar maƙwabcinmu, wani dattijo tsohon ma'aikacin En'e, aminin surukina, wanda nake kira Baba. Ran Juma'a bayan la'asar maigidana yake bugowa. Matar Baba ta ƙwala mini kira ta katanga, in ja mayafi in zaga da sauri.

Wayar a falon Baba take, shi kuma Baba kullum yana falon, ya miƙe ƙafarsa mai ciwo a kan matashi, carbi a hannu. Ba da mugunta yake zama ba, ɗakinsa ne. Wa zai ce wa dattijo ya tashi daga ɗakinsa? Ba na iya zama a kujera a gabansa, don haka a durƙushe nake ɗaukar wayar, kaina a ƙasa. Mu gaisa: ya karatu, ya sanyi, ya mutanen gida, kowa lafiya lau. Abin da ke raina kuwa ba ya faɗuwa a gaban uba. Ina so in ce masa ina kewarsa. Ina so in ce har yanzu hannuna na kuskure ya auna shinkafar mutum biyu, kuma ina tsoron wata rana in ji muryarsa ta zame mini ta baƙo. Wasiƙa kan yi makonni a hanya, kafin ta isa maganar ta huce. Da baki nake son faɗa.

Shi ma ya san Baba na nan, sai ya riƙa cike lokacin da zancen karatunsa.

"Kin san mu ma nan lambobinmu sun kama hanyar ƙarewa?" in ji shi wata Juma'a. "Akwai abin da ake kira intanet, kwamfutocin duniya ne ke magana da juna, kowace da lambarta. An fito da sabon tsari mai lambobin da ko awakin Zugurma aka raba wa ba za su ƙare ba. Amma kamfanonin da ke ba mutane layi sai jan ƙafa suke yi. Kowa na jiran wani ya fara, tunda tsohon bai mutu ba tukuna."

Na ce, "To, Allah ya kyauta."

Da na ajiye Baba ya tambaye ni, "'Yata, me ya ce?"

"Wai su ma lambobinsu na ƙarewa, Baba."

Ya yi dariya har da tari. "Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai."

Daga ranar ya zama ɗabi'a. Kowace Juma'a maigidana ya kawo labarin lambobinsa, ni in ce Allah ya kyauta, in kwashe in ba Baba. Ban taɓa ganin intanet ɗin nan ba, amma na tsani masu jan ƙafarsa kamar na san gidajensu.

Namu na gida kuwa na san ofishinsu, har mai gadi ya daina tambayata wurin wa na zo. Da farko aka ce inji ya sauka Legas. Daga baya aka ce yana Minna. Da ya iso garin na je na gan shi da idona, cikin manyan akwatunan katako a bayan ofis, an lulluɓe da tamfol, wata tunkiya ta samu inuwa a gindinsa. Sai aka koma jiran injiniyoyi. Da suka zo aka ce saura wayar da za a binne a ƙasa.

"Malama, a ƙara haƙuri," in ji ma'aikacin da nake samu. "Masu tsofaffin layuka ba su yi ƙorafi ba."

"Ai mai layi ba zai yi ƙorafi ba," na ce masa. "Ku da su duk kuna da inda za a kira ku."

Na fito ina huci, na koma gida na goge wa wayata ƙura.

Damina ta wuce, wata ta zo ta wuce, sannan aka ja mini layi. Na ɗaga wayar na ji tana ƙugi, sai da na yi hawaye. A falon Baba na karanta wa maigidana doguwar lambar, ya ce Juma'a mai zuwa gida zai kira.

Ranar na share ɗaki, na sa turaren wuta, na yi kwalliya kamar zai gan ni. Na rufe ƙofa. Wayar na yin ƙara na ɗauka, sai da muka yi nisa da gaisuwa na lura a durƙushe nake, kaina a ƙasa.

Gaisuwa ta ƙare. Babu Baba, babu kowa. Na buɗe baki, na nemi maganganun da na daɗe ina ajiya, na rasa ta inda ake fara su. Sai shuuu ɗin layi tsakaninmu.

"Kina ji na?"

"Ina jin ku."

Ya ɗan yi gyaran murya. "Kin san har yanzu kamfanonin nan ba su motsa ba?"

Na ce, "To, Allah ya kyauta."

Bayan ya ajiye na daɗe riƙe da wayar a hannu. Daga baya na mayar mata da ƙyallenta, na ja mayafi na zaga gidan Baba, don na san yana can yana jiran ya ji abin da ya ce.